An tsare ƙanena bayan Paga, wai leƙen asiri yake yi, ku ba ni shawara

Rabi, Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena direba ne, yana jigilar tumatur daga Burkina zuwa Kumasi. Ni na raine shi tun rasuwar mahaifiyarmu, na sa shi makaranta ya ƙi, na kai shi ya koyi mota, ga shi an sa ranar aurensa bayan babbar salla, dangin yarinyar sai tambaya suke. Yaro ne mai son ɗaukar bidiyo yana sawa a TikTok, ba shi da wata mugunta. Yaron motarsa ya dawo shi kaɗai, ya ce an tare su a shingen bincike a cikin Burkina, bayan Paga, garin kan iyakar Gana, aka duba waya, aka ga bidiyon ayarin motocin soja da na wata gada, aka tafi da shi. Wani mutum ya kira daga can ya ce zai fito da shi in an ba da sefa 400,000, na tura rabi. Na kuma sa an goge bidiyoyinsa na TikTok. Na je wani ofishi, an ce in dawo. Me zan yi?

Alhaji Baba, Nima: Wa alaikumus salam. Allah ya kuɓutar da shi. 'Yata, kar ki ƙara tura ko sisi. Tuhumar leƙen asiri ba ta ɗan sandan kan hanya ba ce da za a kashe da goro, kuma mai kiran nan daga wayar yaron ko bakin direbobi zai iya samun lambarki. Ki ce ya haɗa ki da yaron ki ji muryarsa, ko ya faɗi sunan wurin da ake tsare da shi. In ya fara kame-kame, kin gane.

Hanyar ita ce Ma'aikatar Harkokin Waje a Akra, sashen kula da 'yan ƙasa a waje, kuma a rubuce, ba da baki ba. Ki sa cikakken sunansa yadda yake a Ghana Card ko fasfo, lambar katin, ranar haihuwa, lambar mota, ranar da ya haye Paga, garin da shingen yake, da irin kakin waɗanda suka kama shi: soja, jandarma ko 'yan sa-kai. Yaron motar ya ba da bayani a rubuta ya sa hannu. Kwafi biyu, su buga hatimi a naki da kwanan wata. Da wannan ofishin jakadancinmu na Wagadugu zai rubuta wa ma'aikatar wajensu yana neman ganinsa. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ya ba jami'in jakadanci damar ziyartar ɗan ƙasarsa da ke tsare da nema masa lauya. Pakistan ta hana Indiya ganin Kulbhushan Jadhav, ɗan Indiya da take tsare da shi, da hujjar ɗan leƙen asiri ne, Kotun Duniya ta yanke a Yulin 2019 cewa wannan tuhuma ba ta soke haƙƙin. Ba ki faɗa mana ba, da wace takarda ya tafi?

Rabi: Alhaji, mutumin ya san sunan maigidansa da launin motar, shi ya sa na yarda. Da kai ne aka ce ɗanka bai ci abinci ba, za ka tsaya neman hatimi? Takarda kuwa yana da Ghana Card, amma akwai katin ɗan ƙasa na Burkina da kawunmu na can garin Wahiguya ya yi masa don a rage masa wahalar shinge.

Alhaji Baba: To nan matsalar take. In yana riƙe da katin can, za su iya cewa ɗan ƙasarsu ne, jakadanmu ba shi da hurumi. In kuma katin ba na gaskiya ba ne, takarda biyu a aljihu ɗaya da bidiyon soja a waya, wannan shi ne abin da mai tuhuma yake nema. Ki faɗa wa ma'aikatar da bakinki kafin su ji daga can. Goge bidiyon ma bai taimaka ba. Wayar tana hannunsu, sun riga sun ga komai, abin da kika goge shi ne shaidar cewa yaro ne mai ɗaukar kasuwa da hanya da abinci tun da daɗewa. In abokansa sun sauke wasu, a tara a ba lauya.

Sani, Asawase: Alhaji, da girmanka, takardar nan za ta kwana a tebur har auren ya wuce. Yaya Rabi, ki je gidan rediyo, ki sami ɗan majalisarku. Matthew Hedges ɗalibin Ingila da aka kama a Dubai a Mayun 2018 kan zargin leƙen asiri, matarsa ta yi shiru wata biyar ba abin da ya motsa. Da ta fito ta yi magana a Oktoba, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Nuwamba, cikin kwanaki aka yi masa afuwa. Mu 'yan Zango in ba mu yi ƙara ba wa yake jin mu? Fasfo ma sai an tambaye ka garin kakan kakanka.

Alhaji Baba: Sani, wancan Ingila ce a bayansa. Gwamnatin soja in ka kunyata ta a rediyo, sai ta riƙe yaron don kar a ce ta ji tsoro. Faransawa huɗu da aka kama a Wagadugu a Disambar 2023, shekara guda suka yi, sarkin Maroko ne ya shiga tsakani aka sake su. Sojojin Kwaddibuwa 49 da Mali ta kama a Yulin 2022, an yanke wa 46 shekara 20, Togo ta yi ta sulhu har aka yi musu afuwa a Janairun 2023. Tun 2025 Gana tana da wakili na musamman kan ƙasashen Sahel uku, wato Burkina, Mali da Nijar, Larry Gbevlo-Lartey. A kai kwafin takardar ofishinsa, a yi shiru.

Malam Idi, Sabon Zango: Duk waɗannan gwamnati ce take son mutanenta. A 1985 Amurka ta yanke wa Michael Soussoudis, ɗan'uwan Rawlings shugaban Gana na lokacin, shekara 20 kan leƙen asiri, aka musanya shi da mutum takwas da Gana ta tsare kan yi wa CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, aiki. Direban tumatur da wa za a musanya shi? Abin da zai amfane shi lauya ne mai rajista a can, don lauyan Kumasi ba zai tsaya a kotunsu ba. Saƙo ɗaya a yi ƙoƙarin isar masa: kar ya sa hannu a bayanin da aka rubuta da Faransanci sai an kawo tafinta, ya kuma furta da bakinsa cewa yana son a sanar da jakadan Gana, don sanarwar tana rataye da buƙatarsa. A kuma sa sunansa a sashen neman ɓatattu na Red Cross. Ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗi kowane lodi, ina take yau?

Hajiya Mero, Mamobi: Rabi, ki je wurin Sarkin Moshi na Kumasi, shugaban ƙabilar Moshi 'yan asalin Burkina, tare da maigidan motar. Sarakunan nan suna da 'yan'uwa a can, sun fi takarda saurin gano inda mutum yake.

Alhaji Baba: Gano wuri, eh. Fito da shi, a'a. Kuma kar kawun na Wahiguya ya je tambaya da kansa, shi ya yi katin, za a haɗa da shi.

Rabi: Kawu ya riga ya tafi tun jiya, ba zan iya hana shi ba. Maganar katin kuwa ba zan faɗa wa kowane ofishi ba, kar in ƙara masa laifi da bakina. Mutumin ya sake kira ɗazu, ya ce in ba a cika kuɗin kafin Juma'a ba za a wuce da shi Wagadugu. Wa ya san lauya mai jin Hausa ko Moshanci a can?