Mayar da Windows 7 kan sabuwar kwamfuta: abin da masu gyara suka ce

Ranar Asabar a kasuwar Banex da ke Wuse 2, Abuja, wani ɗan kasuwa ya kawo sabuwar kwamfutar tebur yana son a sa masa Windows 7, domin manhajar lissafin shagonsa a kanta kaɗai take aiki. Masu gyara suka yi ta musayar ra'ayi, ni kuma ina sauraro.

Babu wanda ya yi musu kan matakin farko: a kwashe fayiloli tukuna, a haɗa filashin saka Windows 7 da manhajar Rufus, sannan a shiga BIOS, wato saitunan da kwamfuta ke tashi da su, a kashe Secure Boot, kariyar da ke hana Windows 7 tashi, a kunna CSM, saitin da ke bai wa tsofaffin Windows damar tashi.

Inda aka daɗe shi ne batun USB. Windows 7 ta fito a 2009, ba ta zo da direbobin USB 3.0 ba, wato ƙananan manhajojin da ke sa ta gane waɗannan kafofin, kuma daga furosesan Intel ƙarni na shida, a 2015, an cire tsohon tsarin USB da ta saba da shi. Shi ya sa allon farko zai buɗe lafiya lau, amma linzami ya tsaya cak, ko ta ce ba ta ga direba ba. Maganin shi ne a cusa direbobin cikin filashin kafin a fara. Faifan ajiya na zamani, NVMe, ma haka, in ba a ƙara direbansa ba, ba za ta gan shi ba.

Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Alhaji, in babu CSM a injin nan, kada ka wahalar da kanka. Bar Windows 11, a sa maka Windows 7 cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata Windows a cikin wata." Ni ma nan na karkata, don tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro na kyauta, kuma a wannan kwamfutar mutumin yake shiga asusun bankinsa.