Me ya sa yaranmu suka fi son bos a kan jarumi?

Abu Khalifa, Agege:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu bin finafinan Amurka, musamman irin na jaruman nan masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. A makon jiya ɗana, wanda yake aji biyu na babbar sakandare, ya matsa mini lamba sai mun kalli Black Panther tare, fim ɗin da ya fito tun 2018 amma hidimar kasuwa ba ta taɓa barina na kalla ba. Muka zauna bayan sallar isha'i, ni da shi da abokansa biyu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan sarkin ya bayyana, wato marigayi Chadwick Boseman, yaran ba sa ko motsi, amma da zarar Michael B. Jordan ya shigo a matsayin Killmonger sai su gyara zama, har suna riga shi faɗin abin da zai faɗa. Da ya ɗaga sarkin ya jefa shi cikin ruwa daga kan dutse, ɗaya daga cikin yaran tafi ya yi. A ƙarshe kuma, da bos ɗin ya mutu, na ga ɗana ya kawar da kai yana goge ido da bakin riga.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya, abin da muka sani shi ne bos mutum ne da ake jiran a ga ƙarshensa a yi shewa. Shin gwanintar ɗan wasan ce ta jawo wannan, ko kuwa da gangan aka rubuta labarin domin a so mugu? Kuma ya kamata in damu?

Malamin Tarihi, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Abu Khalifa. Yaranka ba su ne farau ba. Ni a sinima na kalli fim ɗin a Ikeja cikin watan Fabrairun 2018, ɗakin ya cika maƙil, mutane sun yi ado da kayan gargajiya kamar za su gidan biki, kuma tafi na farko da aka yi a daren nan Killmonger aka yi wa, tun bai daɗe da bayyana ba. Wurin shi ne inda yake tsaye a gidan tarihi a Landan yana tambayar ma'aikaciyar gidan asalin kayayyakin Afirka da ke cikin gilashi, tana ba shi amsa cikin isa, shi kuwa ya tuna mata cewa kakanninta ba sayen kayan suka yi ba.

Gidan tarihin na cikin fim ƙirƙira ne, amma zancen ba ƙirƙira ba ne, kuma duk wanda ya zauna a Legas ya san haka. A 1897 sojojin Birtaniya suka afka wa birnin Benin, suka ƙone shi, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa, suka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya ƙare rayuwarsa. Bayan shekara 80, da aka zo bikin FESTAC, wato bikin al'adun baƙar fata na duniya, a garin nan a 1977, fuskar Sarauniya Idia ta hauren giwa ce tambarin bikin, Najeriya ta nemi gidan tarihin Birtaniya ya ba da aronta, aka hana, sai kwafinta aka sassaƙa. Wato a ce kayanka ne, ka roƙi aro a hana ka. Sai a Disambar 2022 ne Jamus ta kawo wasu daga cikin nata kason Abuja. To mutumin da ya san wannan, idan ya ga wani ya tsaya ya faɗi maganar a fuskar Baturiya ba tare da murya ta yi rawa ba, ba zai tsaya tambayar ko bos ne ko jarumi ba.

Gwanintar Jordan a wurin ita ce bai ɗaga murya ba. Ya yi maganar cikin sanyi, da ɗan murmushi, kamar mai ciniki a kasuwa, kuma wannan sanyin ya fi ihu shiga jiki.

Maman Hanifa, Obalende:

Malam, ban ƙi taka ba, amma ka tsaya a rabin labarin. Ma'aikaciyar nan da ake wa tafi a kanta, guba aka sa mata a abin sha, a wurin ta faɗi. Budurwarsa da ta taimaka masa a satar kayan gidan tarihin, da hannunsa ya harbe ta a lokacin da ta zame masa cikas, ko waiwaye bai yi ba. Da ya hau gadon sarautar Wakanda, ƙasar da aka ƙirƙira a fim ɗin, tsohuwar da ke kula da tsiron da sarakunan Wakanda ke samun ƙarfi daga gare shi ta nuna masa cewa al'ada ba ta yarda a ƙone shi ba, sai ya shaƙe ta ya ɗaga ta sama. Tabon da ke jikinsa kuwa, wanda samari ke yabawa suna cewa ya yi masa kyau, kowane ɗaya rai ne da ya kashe. Na lura cewa idan maza suna hirar fim ɗin nan, waɗannan wuraren ne suke tsallakewa, su tafi kai tsaye zuwa maganar bauta da mulkin mallaka.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ma daban ne. Akwai wurin da aka rubuta dajin Sambisa a allo, aka nuna 'yan bindiga ɗauke da mata a mota, abin da ya tuna wa kowa 'yan matan Chibok na 2014. Mu 'yan Arewa mun riga mun ga yadda abin yake idan mai ƙorafi na gaskiya ya yanke shawarar cewa bindiga ce magani, kuma mun san su wa ke fara biyan kuɗin. Saboda haka ban iya yi wa Killmonger tafi ba, duk da na yarda ɗan wasan ya iya. Iyawar tasa ce ma abin tsoron, domin ya sa mugunta ta yi kwarjini. Abu Khalifa, ba na cewa ka hana yaron kallo, amma ka tambaye shi laifin me budurwar ta yi.

Alhaji Tsohon Direba, Mile 12:

'Ya'yana, son bos ba yau aka fara ba, mantuwa ce kawai ta kama Abu Khalifa. Sholay ya fito a 1975, kuma duk wanda ya shiga sinima a Kano ko Kaduna a shekarun da suka biyo baya ya san cewa sunan Gabbar, wanda Amjad Khan ya fito a matsayinsa, ya fi na jaruman yawo a bakin yara, har laƙabi ake yi da shi a tasha. Babu wanda na sani da ya zama ɗan fashi saboda haka. Bambancin dai shi ne Gabbar ba shi da hujja, mugu ne kawai, muna jin daɗin tsoronsa mu koma gida. Wannan na yanzu kuwa maraya ne da baffansa sarki ya kashe masa uba, aka bar shi a ƙasar wasu ba tare da an waiwaye shi ba, ya girma ya dawo neman gadon gidansu. Wane Bahaushe ne bai san irin wannan rigimar ba?

Sadiq Mai Haɗa Bidiyo, Surulere:

Da izinin manya, zan yi magana ta ɓangaren sana'a, tunda yankan hoto da haɗa shi ne abincina. Tambayar Baba Abu Khalifa ita ce ko rubutu ne ko ɗan wasa, kuma hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a duba bos guda da mutane daban-daban suka taka. Joker, bos ɗin finafinan Batman, shi ne misali. Heath Ledger ya taka shi a The Dark Knight na 2008, ya rasu a watan Janairun shekarar yana da shekara 28 tun fim ɗin bai fito ba, aka ba shi kyautar Oscar bayan ransa. Kafin fitowar fim ɗin masoya da yawa sun yi ta ƙorafi a intanet cewa bai dace da matsayin ba, daga baya su ne suka koma yabonsa. Jared Leto ya taka Joker ɗin a 2016, mutane da dama suka yi tsaki. Joaquin Phoenix ya taka shi a 2019 ya ci tasa Oscar ɗin. Suna ɗaya, fenti a fuska iri ɗaya, amma karɓuwa ta bambanta kamar sama da ƙasa.

Ledger ya sa ka tsoron mutumin da ba ka san daga ina ya fito ba. Jordan ya yi akasin haka, ya sa ka san ainihin inda ciwon yake. Ku koma wurin da aka binne shi a yashi domin ya gana da kakanni: T'Challa, wato sarkin, fili mai faɗi ya gani da bishiya da sarakunan da suka shuɗe, shi kuwa Killmonger ɗakin haya ya tsinci kansa a ciki a birnin Oakland na Amurka, inda ya tarar da gawar mahaifinsa a 1992. Darakta Ryan Coogler yana sauya hoton tsakanin yaron da babban, yaron ya dake ya ƙi kuka, babban kuma hawaye na zubo masa fuskarsa ba ta motsa ba. Rubutu zai iya cewa a yi kuka, amma ba zai iya koya wa mutum yadda zai riƙe fuska haka ba. Coogler da Jordan sun yi aiki tare tun Fruitvale Station a 2013 da Creed a 2015, shi ya sa daraktan ya san zai iya barin kyamara a kan fuskarsa ba tare da gaggawar yankewa ba. Jordan da kansa ya faɗa daga baya cewa ya keɓe kansa daga mutane lokacin shirin fim ɗin, kuma sai da ya nemi taimakon masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa bayan an gama.

Hajiya Maman Hanifa tana da gaskiya cewa masu tafi suna tsallake wasu wurare, amma ɗan wasan bai ɓoye su ba. Ku duba idonsa lokacin da ya harbi budurwar, babu komai a cikinsa. Masu kallo ne suka zaɓi abin da za su tuna. Kuma labarin kansa ya ba shi rabin gaskiya, tunda a ƙarshe sarkin ya buɗe ƙasarsa ga duniya, ya kuma sayi ginin nan na Oakland domin taimakon yaran unguwar, abin da bai yi niyya ba kafin zuwan ɗan baffan nasa.

Abu Khalifa, Agege:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Alhaji, ka kama ni, domin ni ma an taɓa kirana Gabbar a makarantar allo. Hajiya, na yi wa yaron tambayar da kika ce. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ba ta yi laifin komai ba, amma shi abin da ya sa shi hawaye wurin da mutumin ya ƙi a yi masa magani ne, ya ce a jefa shi a teku kamar kakanninsa da suka faɗa ruwa daga jiragen bayi. Ashe makarantarsu ta kai su Badagry bara, sun taka hanyar nan ta tsibirin Gberefu da ake bi da bayi zuwa bakin teku, ni ban ma san abin ya zauna masa a rai ba. Abokinsa da ya yi tafin kuwa, na bincika na ji mahaifinsa ya rasu shekara uku da suka wuce, kuma har yanzu maganar gadonsu tana hannun dangi a gida.

Malam, ranar Asabar ina so in kai su ukun gidan tarihi na Onikan su ga kayan Benin da ido. Idan kana da sarari ka zo mu tafi tare, domin tambayoyin da za su yi mini a can sun fi ƙarfina.