Abincin wasu da ya samu wurin zama a tukunyarmu

Maman Hanifa, Kano

Assalamu alaikum. Daren jiya na ajiye wa yara tuwon shinkafa miyar kuka, babbar 'yata ta buɗe kula ta mayar ta rufe, ta ce, "Umma, yau ma?" Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tsaya na ƙirga abin da muka ci a sati biyun nan: shinkafa da miya, taliya, shinkafa da wake, dafa-duka, tuwo, a sake komawa farko. Yarinya ba ta yi min ƙarya ba.

Ba wai ban taɓa gwada sabon abu ba. Kwanaki na bi wani bidiyo na yi taliyar Turawa da ake gasawa da cuku, kuɗin cefanen kwana uku ya tafi. Abbansu ya yi cokali biyu ya ce a ɗumama masa tuwon jiya. Shi ya sa nake tambaya: wane abincin wata ƙasa ko wata ƙabila ne ya shigo gidanku ya zauna, har ana dafa shi ranar Talata haka kawai, ba don baƙi ko Salla ba? Ta ina ya shigo, me kuka sauya masa, wa ya ƙi ci?

Ɗiyar Zongo, Kumasi

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Kin ga wannan shinkafa da waken da yaranki suka gaji da ita? Ita ce duk Gana ke bin layi da safe a saya. Suna rubuta ta waakye, kuma kowa ya san daga kalmar wake tamu sunan ya fito. Sai dai da ta zo nan ta yi ado. Ana wanke karan dafi, wannan jan ɓawon karan dawar da dukawa ke rina fata da shi, a jefa cikin ruwan dafa wake da ɗan kanwa, ruwan ya yi ja har ya doshi baƙi. In wake ya kusa nuna a tsame karan, a zuba shinkafa. Wajen ci kuma a ɗora taliya kaɗan, garin kwaki da aka murza da mai, dafaffen ƙwai, ganda, sai shito.

Shito shi ne sirrin. Albasa mai yawa, citta, tafarnuwa, busasshen barkono, garin kifi da na jatan lande, a soya cikin mai a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya yi duhu, ruwa ya ƙone ƙurmus. Ni nakan ba shi wajen awa biyu. In kika zuba a kwalba mai ya rufe samansa, kuma ba a sa jiƙaƙƙen cokali, zai yi makonni. Yarana ko farar shinkafa aka dafa, cokali ɗaya na shito ya raba gardama.

Abu Sumayya, Zariya

A yi haƙuri, namiji ya shigo zancen tukunya. Na yi karatu a Khartum, yaƙin 2023 ne ya koro mu. Shekara huɗu karin kumallona ful ne: wani wake mai faɗi da ake dafawa dare guda, a farfasa shi da gindin kwalba, a zuba man riɗi, kamun (wato cumin), albasa, tumatir, a ci da burodi. Da na dawo na yi aure na rasa irin waken, sai na ce da uwargida mu gwada da farin wake. Ya yi. Ba iri ɗaya ba ne, amma da man riɗi da kamun ba wanda zai ce maka fate yake ci. Yanzu duk Juma'a da safe shi ne, kuma ni nake yi.

Na biyu ko wuta ba ya buƙata. Niƙaƙƙiyar gyaɗa, a dama da ruwan lemon tsami da gishiri da barkono, a yanka tumatir da albasa a kwaɓa. Sudanawa suna ce wa niƙaƙƙiyar gyaɗar dakwa, ranar farko da na ji sai da na yi dariya don na tuna da dakuwar gida. Kwaɗo ne dai da ya je ƙasar waje. Haka agashe da suke ji da shi, naman Hausawan can ne, da ƙulinsa da yajinsa. Miyarsu ta waika kuwa, da na leƙa tukunya, busasshiyar kuɓewa ce.

Uwar Biyu, Gusau

Malam, Allah ya ƙaro mana irinka. Namu ko ruwan shayi ya ɗora sai an je an duba.

Hajiya 'Yar Agege

Ni a Legas aka haife ni, aure ya kawo ni Katsina, gidan da surukata ce ke raba nama. Satin farko da aka ba ni girki na yi amala da miyar ewedu da gbegiri. Hajiya ta kalli malmalar ta ce wannan baƙin tuwon ƙonewa ya yi ko haka Allah ya yi shi? Na ce garin busasshiyar doya ne. Ba ta taɓa ba. Ranar a ɗaki na ci nawa da hawaye.

Daga baya na gane laifina ne, na kawo musu baƙi uku lokaci guda. Sai na bi a hankali. Ewedu ai lalo ne, iru daddawa ce da ba a daka ba, gbegiri miyar wake ce. Na yi tuwon masara da suka sani, na yi miyar wake da manja, na kaɗa lalo daban na zuba a gefe, ban ambaci sunan Yarbanci ko ɗaya ba. Aka suɗe kwano.

Agushi ya fi ba ni wuya saboda kirefish. Hajiya ta ce ƙwari ne, ba za su shiga cikinta ba. Na cire, na sa kifi banda da daddawa, ganye kuma alayyahu ko zogale maimakon ugu. Abin da nake lura da shi kawai, in kin kwaɓa agushin da albasa kin jefa cikin manja, kada ki juya da wuri, ki bar shi ya kama jikinsa ya yi gudaji-gudaji. Shekara goma sha ɗaya yanzu, in na kwana biyu ban yi ba ita ce ke aiko jika ya tambaya. Amala dai har yau ni kaɗai nake ci.

Baba Na Ƙofar Mata

'Ya'yana, ina karanta ku. Ba na hana kowa, amma ku bar mana tuwon dare. Iyayenmu da gero da dawa suka yi noma suka yi fatauci har Gwanja a ƙasa. Yanzu yaro ya ci wani abu mai sunan da ba ya iya faɗa, ƙarfe goma na dare yana neman burodi. Kuma duk wannan kayan kwalba da gwangwani, aljihun maigida ne ke kuka.

Malama Ta Sakkwato

Baba, Allah ya ƙara girma, maganar aljihu gaskiya ce, ba musu. Amma a ba ni dama in ɗan tsokane ka. Tuwon masarar da muke cewa na gado, masarar daga nahiyar Amurka ta zo, bayan 1492. Haka rogo, haka tumatir, haka barkono da attaruhu. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, asalinta Kudancin Amurka ne. Alkubus kalmar Larabci ce ta burodi, al-khubz, gurasa ma daga Larabawa muka karɓa. Taliya sunanta ya tona mata asiri. Maggi daga Suwizalan, Indomie daga Indunusiya, awara kuma mutanen Sin sun fi shekara dubu suna yin ta kafin ta iso bakin makarantun 'yan mata. In aka kwashe baƙin nan daga miyar gidanka, Baba, sai kuka da daddawa da masoro su rage suna kallon juna.

Baba Na Ƙofar Mata

Malama, kuka da daddawa da man shanu sun ishe ni. Amma na ji, gurasa bandashe ba zan bari a mayar wa Larabawa ba.

Inna Ta Maraɗi

Sannunku. Maigidana ya yi shekara tara yana kasuwanci a Abijan, ya dawo da cutar son aceke. Rogo ne ake gogewa a bar shi ya yi tsami, a matse, a murza ya zama tsaki-tsaki kamar kuskus, a turara. Can akwai wanda ake saidawa da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono da tumatir, sunansa garba, ana cewa daga 'yan Nijar masu saida shi sunan ya samo. In ya tashi ba'a sai ya ce abincin kawunnansa ne.

Samun na gaske a nan sai an yi sa'ar mai zuwa daga can ko daga Yamai. Sai wata maƙwabciyata ta koya mini dabara: ki sami garin rogo fari mai tsami, ki yayyafa masa ruwa kaɗan da hannu, kada ya jiƙe, ki bari ya sha na minti goma, ki murza, ki zuba a madambaci kamar za ki yi dambu. In ya turaru ki sa mai da gishiri ki wargaza da cokali mai yatsu. Karon farko ruwa ya yi mini yawa, na sauke teba, yara suka yi ta dariya. Yanzu hannuna ya faɗa. Da tarwaɗa ko karfasa nake yi, albasar Galmi kuma a yanka da yawa. Shi dai yana cewa bai kai na Abijan ba, amma ban taɓa ganin ya rage ba.

Ummu Rayyan, Bauci

Kabsa. Mahaifiyata ta zauna Makka shekaru, da kabsa muka tashi. Ba abincin masu kuɗi ba ne kamar yadda ake ɗauka, dafa-duka ce da kayan ƙamshi. Ki soya albasa, ki sa kaza, tumatir, kirfa, kanumfari, hel (wato cardamom), da busasshen lemon tsami da suke kira lumi, ki tsaida ruwa. In kaza ta dahu ki tsame ki gasa ko ki soya, shinkafa ta dahu a cikin romon.

Kuskure biyu na ga ana yi. Lumi huda shi ake da wuƙa a jefa, in kika fasa shi 'ya'yan suka fita, tukunyar ta yi ɗaci ke nan. Sai basmati: ba a yi mata dahuwar shinkafar gida. A jiƙa ta kamar minti ashirin, ruwa kaɗan, wuta kaɗan, kuma a bar juya ta. Ranar da dangin miji suka fara zuwa gidana na sakar mata ruwa yadda na saba, ta caɓe, sai da na aika aka sayo gurasa. Tun da basmati ta yi tsada na koma shinkafar gida, ƙamshin yana nan, tsawon ƙwayar ne kawai babu. Attaruhu kuwa ina sawa, duk da Larabawa a gefe suke ajiye nasu yajin.

Alhaji Ɗan Kwari

Mu masu zuwa Gwangzu ta ƙasar Sin saro kaya, makon farko burodi da shayi ne, don tsoron abin da za a ci. Sai aka nuna mana shagunan Musulmin ƙasar, masu jan taliya da hannu. A nan na ga ƙwai da tumatir: a soya ƙwai sama-sama a kwashe, a soya yankakken tumatir ya saki ruwa, a mayar da ƙwan, a ci da farar shinkafa. Minti goma. Na koya wa iyalina, shi ne abincin ranar da aka dawo daga unguwa a gajiye. Kabeji ma sun koya mini: wuta mai ƙarfi, tafarnuwa, minti uku a sauke yana ƙaras-ƙaras, ba irin namu da ake dafawa sai ya mutu ba. Kuma shinkafar da ta kwana a firji ita ake soyawa, sabuwa manne wa kasko take.

Uwar Biyu, Gusau

Alhaji, wace firjin? Wutar da muke gani sau biyu a sati? Ni dai na ɗauki na ƙwai da tumatir.

Maman Hanifa, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga rahoto. Shekaranjiya na aika Kurmi aka samo karan dafi wajen masu kayan gargajiya, na yi ta mutanen Kumasi. Ban sami jatan lande ba, da kifi banda kaɗai na yi shiton, kuma na yi gaggawar saukewa, ina jin bai yi duhun da ake so ba. Hanifa ta ƙara sau biyu. Abbansu ya daɗe yana kallon farantin, ya ce me ya sami shinkafar ta yi ja, na bi shawarar Hajiya 'Yar Agege na ce shinkafa da wake ce. Ya cinye, ya ce gobe a rage yaji, da daddare kuma ya tambayi tuwonsa, Baba ka ji ɗan'uwanka.

Ɗiyar Zongo, kanwar nawa kike sawa a gwangwani huɗu na shinkafa? Tawa ta ɗan fito a baki.