Musayar Baiti: Garwa Mai Masaƙa da Pitowa Mai Auduga

Tsohon Masaƙi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na buɗe fage kan Garwa ta arewacin Kamaru, mai baiti ya ƙara.

Bismilla, ku matso in tuna Garwa,
Ta bakin Binuwai, mai ranar ƙonawa,
A 1965 masaƙar CICAM ta samu kafuwa,
Kaɗi da saƙa a nan aka san iyawa,
Buga zanen atamfa sai Duwala ake kaiwa.

Keke bin keke in an tashi aiki,
Ƙurar auduga fari fat a gira da jiki,
Ƙarshen wata har mahauta suna biki,
Yau ɗakin injin ya yi sanyi, abin mamaki.

'Yar Pitowa:
Baba, a gafarce ni, ka manta ƙauye,
Wa ya ba injinku abin da ya cinye?
Mu ke tsintar kaɗa, baya a karye,
Tun 1974 SODECOTON, kamfanin auduga, ke saye,
Ta auna, ta cire bashin taki, mota ta janye,
Kasuwarmu ta Lahadi kuwa tana nan a raye,
'Yan Garwa ma can suke zuwa saye.

Ɗan Acaɓa:
Inna da Baba, ku bar musu ku dubo,
Rigar jikina daga dilar gwanjo,
Atamfar Sin ta fi arha, ita ake sayo,
Wata da dare ta kan iyaka aka ɗauko,
Ubana masaƙi, ni haya nake da babur ɗin aro.

Audugar da ta rage mana a gari dai ita ce Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu mai sunan auduga. Ko ita, a wasan ƙarshe na 2008 Al Ahly ta hana mu kofin Afirka.

Malamin Makaranta:
Duk kun tsallake kogi, alhali shi ya fara ɗaga garin nan kafin masaƙa.

A da, da damina jiragen ruwa daga Najeriya kan haurowa,
Su sauke kaya, su ɗauki auduga da gyaɗa sai komawa,
Madatsar Lagdo a 1982 aka gama ginawa,
Ta ba gari lantarki, injin na juyawa,
Ta rage ambaliyar da ke jiƙa fadamar masakwa,
Tashar jirgi kuwa yashi ke ta rufewa.

Tsohon Masaƙi:
Malam, ka fasa ƙwai. Ɗiyata ta Pitowa, ki yi dariyarki, amma atamfar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da kika sha ɗaurawa, tambarin wa ke bakinta?

'Yar Pitowa:
Tambarinku ne Baba, ban yi gardama ba,
Amma noman kaɗa mu ba mu daina ba,
A gurje, a ɗaure dila, ba a saƙa a nan ba,
Ta bi Duwala zuwa teku, ba ta waiwayo ba,
Ta dawo turmi da farashin da ban iya ba.

Malam, kai ke riƙe da alƙalami: cikin dila ɗari, nawa ke kwana a Garwa?