Ɗamara mai ilektirod 16: za ta iya raba mu da neman sikanin CT?

Nasiru: Assalamu alaikum. Ga maganar da na yi jiya bayan Isha'i a Mabera, Malam Umaru ya ce in kawo ta nan kowa ya sa baki. Cewa na yi in aka haɗa na'urar EIT da ragar jijiyoyi ta kwamfuta, wato manhajar nan mai koyo daga misalai, asibitocin ƙauyukanmu za su iya duba huhu ba sai an turo majinyaci Sakkwato neman CT, wato hoton cikin jiki na babbar na'urar eksire, ba. Ga wanda bai san EIT ba, ɗamara ce ake ɗaura wa mutum a ƙirji, mai ilektirod 16, wato ƙananan maɓallai masu taɓa fata da ke kai wuta da auna ta. Ana tura wuta 'yar mitsitsiya da jiki ba ya ji ta tsakanin guda biyu, a auna abin da ya isa sauran, a yi ta zagayawa. Jini da ruwa suna ba wuta hanya, iska da ƙashi suna tare ta, daga nan ake lissafo hoto. Tun da David Barber da Brian Brown suka fara aikin a Sheffield ta Ingila a farkon shekarun 1980, cikas ɗinta shi ne hoton dishi-dishi yake fitowa. Yanzu an samo maganin wannan.

Malam Umaru: Wa alaikumus salam. Nasiru, bari mu ƙidaya kamar yadda munka yi jiya. Ilektirod 16, duk turin wuta ɗaya awo 13, sau 16, jimla 208. Rabinsu maimaici ne, saura 104. Hoton da kake so, ko ɗan ƙarami mai gida (ɗigon hoto) 32 sau 32, gida 1024 ke nan. Lambobi 104 kake son su ba ka amsa wajen dubu. Kuma ita wuta ba ta tafiya miƙe kamar hasken eksire, bin inda ya fi mata sauƙi take yi, shi ya sa tsakiyar ƙirji kusan ba ta da labarinsa. Wanga lissafi Alberto Calderón, ɗan Ajantina, ya shimfiɗa shi tun 1980, kuma an san halinsa: ƙaramin kuskure a awo sai ya zama babba a hoto.

Nasiru: Haka ne Malam, amma ai giɓin nan ragar ke cikewa. A 2018 Sarah Hamilton da Andreas Hauptmann sun ɗauki hoton da wata hanyar lissafi mai suna D-bar ke fitarwa, suka bi da shi ta wata raga mai suna U-Net, iyakokin gaɓoɓi suka fito tsaf.

Malam Umaru: Da mi ta cike shi? Da abin da anka nuna mata. Hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira sunka horar da ita da su, sunka gwada a tankin ruwan gishiri. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma in ta saba ganin huhu biyu da zuciya, huhu biyu da zuciya za ta so ta zana maka. Kama da wane ba ta wane.

Sista Rabi: Ku yi haƙuri in shigo. Ni ba lissafi na karanta ba. Inda nake aiki, gabashin jiha, eksire ma babu. Watan jiya aka kawo min yaro yana jan numfashi da ƙyar, abin da nake da shi kunnena ne da abin sauraron ƙirji. Na rubuta musu takardar zuwa birni, uban ya tsaya yana lissafin kuɗin mota, na san a raina ba ranar za su tafi ba. In akwai abin da zai nuna min ko da inuwa ce, ina so. Da babu gara ba daɗi.

Dakta Hadiza: Sista, Allah ya saka da alheri, kuma na san wannan tsayuwar ta uba. Amma ku bari in faɗi abin da na'urar take yi a gadon asibiti, don na yi aiki da ita lokacin da na je ƙaro karatu. Irin ta kamfanin Dräger, PulmoVista 500, da ta fito a 2011, a sashen masu tsananin jinya ake sa ta, ga wanda ke kan na'urar numfashi. Kina kallo a allo iska na shiga tana fita, hotuna da dama cikin daƙiƙa guda, ki ga ɓangaren baya ya rufe ko na dama ya fi samun iska, ki gyara matsin. Babu haske mai lahani, ba a tura majinyaci ko'ina. A nan ba ta da na biyu. Sai dai bambanci take nunawa, tsakanin yanzu da ɗazu. In aka debe wannan daga wancan, kuskuren siffar ƙirji da na mazaunin ilektirod sai yawancinsa ya tafi. Yaron Sista kuwa da ciwonsa ya zo, babu hoton "ɗazu" da yake lafiya. Abin da Nasiru ke nema shi ne hoton da zai tsaya da kansa daga awo guda, kuma wannan shi ne mafi wuya.

Nasiru: To Dakta, ba shi ne dalilin sa ragar ba?

Dakta Hadiza: Shi ne kuma dalilin tsorona, ƙanena. Hoto mai dishi-dishi yana gaya min kada in sakankance. Hoto mai kyau tas, wanda ruwan da ya taru a gefen huhu ya ɓace a cikinsa don ragar ba ta taɓa ganin irinsa ba, shi zai sa ma'aikaci ya ce wa uwa ta koma gida. Huhun da tarin fuka ya bar wa tabo, ƙirjin yaron da tamowa ta ramar, a cikin misalan wa za ta gan su?

Injiniya Bello: Ni da nake gyaran kayan asibiti ga nawa. Kuna ta maganar hoto, ni fata nake tunani. A watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, majinyaci na zufa, ilektirod ya zame ko ya ɗaga. Da hunturu kuma fata ta bushe ƙamas, wuta ba ta shiga da kyau. Ilektirod ɗaya ya samu matsala, awo da yawa sun lalace. A nan nake ganin amfanin ragar: ta gane wanda ya saki, ta tace hayaniyar awo, ta yi lissafi da sauri a ƙaramar kwamfuta mai batir. Wannan zan sa hannu.

Sista Rabi: To in ba za ta zana min huhu ba, ba za ta iya ce min kawai ɓangare ɗaya ba ya samun iska ba? Ni wannan ya ishe ni in dage wa uba cewa yau za a tafi.

Dakta Hadiza: Wannan tambayar ta fi ta farko. Numfashi kansa bambanci ne, shaƙa da fitarwa, don haka ko ba hoton jiya za a ga ɓangaren da ba ya motsi. Ba za ta gaya miki dalili ba, limoniya ce ko ruwa ko iska ce ta taru. Kuma sai an gwada ta kafaɗa da kafaɗa da eksire a kan yaranmu kafin a dogara da ita.

Nasiru: Na janye batun CT. Sauran ban janye ba. Injiniya, in na samo roba mai faɗi da ilektirod 16, za ku taya ni haɗa tanki? In horar da ragar, mu gani.

Malam Umaru: Da sharaɗi. Ka horar da ita da abubuwa masu siffar da'ira, ni kuma in zo da abin da zan saka cikin ruwan, ba za ka san siffarsa ko inda na aje shi ba sai hoto ya fito.

Injiniya Bello: Na yarda. Nasiru, ka zo shago Asabar bayan La'asar, ka taho da gishiri da ma'auni.