Abin da na tsinta a hirarmu kan haɗa siffofi da tarkacen gida

Jama'a ga taƙaitawar hirar da muka yi a majalisa nan Argungu, don waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kowa ya yarda kar ka sayi komai tukuna, duba bayan ɗaki kawai: gwangwanin madara, murfin kwalba, tsinken silifas, fasasshiyar ƙwarya, wayar keke. Ka fara ɗaure ƙashin abin da waya ya tsaya da ƙafarsa kafin ka liƙa komai, in ba haka ba zai kife.

Maganar gam aka fi daɗewa a kai. Wasu sun ce ƙaro, wasu sitacin rogo, ni dai sitaci na fi yarda da shi, ka jiƙa tsofaffin takardu su kwana ka daka a turmi ka matse ruwan ka cuɗa da sitacin sai ya koma kamar tuwo ka riƙa shafawa sama-sama, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Aikin hunturu ne fa, da damina fumfuna yake yi, kuma gara na son sitaci, a ɗora abin da aka haɗa a sama.

Wani dattijo ya ce a bar siffar mai rai saboda addini, kuma gaskiya abin yi bai ƙare ba, ga kwalekwale da gora da homa irin na bikin kamun kifinmu da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a jerinta na al'adun gargajiya a 2016, ga rumbun gidanku in shi ke ranka.

Kar a ƙona roba a ɗaki, kar a taɓa gwangwanin maganin feshi, bakin gwangwani kuma a lanƙwasa shi da filaya saboda yara.