Neman shawara: ko ya dace in nuna wa ɗalibaina fim ɗin Ford v Ferrari?

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni malami ne a wata makarantar koyon sana'a, ina koyar da gyaran mota ga samari 'yan shekara 16 zuwa 20. A ƙarshen kowane zango mukan keɓe yini guda mu kalli wani abu da ya shafi sana'ar, kuma a bana wani abokin aikina ya kawo shawarar fim ɗin Ford v Ferrari, wanda ya fito a 2019. Na kalle shi ni kaɗai. Labari ne na yadda kamfanin Ford na Amurka ya nemi sayen kamfanin Ferrari na Italiya a 1963, cinikin ya watse, sai Henry Ford na biyu ya ƙudura aniyar kayar da Ferrari a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, inda Ferrari ta daɗe tana cin kofi. Mutum biyu ne fim ɗin ya fi tsayawa a kansu: Carroll Shelby mai ƙera motoci, da Ken Miles, direba kuma makaniki haifaffen Ingila, waɗanda suka yi wa Ford aikin.

Abin da ya hana ni yanke hukunci shi ne, a cikin ɗalibaina akwai waɗanda na san suna zuwa kallon wasan mota a wurin biki, akwai kuma wanda na taɓa kamawa ya fita gwajin motar mai kawo gyara ya taka ta fiye da ƙima. Ina tsoron kada in je gyaran gangar auzinawa, su fito daga ɗakin kallo ba su riƙe komai ba sai ƙarar inji da taka totur. Ban kuma san iyakar gaskiyar tarihin da ke ciki ba, alhali ba na son in ba yara ƙagaggen labari da sunan darasi. Waɗanda suka kalle shi, ko suka san tarihin, don Allah ku ba ni shawara.

Amsar wani tsohon makaniki:

Wa alaikumus salam, Malam. Na shekara fiye da talatin ina riƙe da sifana, kuma shawarata ita ce ka nuna musu, amma kafin ka kunna fim ɗin ka fara bayyana musu irin tseren da ake magana a kai, domin a nan darasin yake. A Le Mans ba a tambayar motar da ta fi gudu. Ana ba kowace mota awa 24, dare da rana, wadda ta fi cin nisa a cikin wannan lokaci ita ce ta yi nasara. A 1966 motar da ta ci ta zagaya filin sau 360, wato ta yi sama da kilomita 4,800, kamar mutum ya yi tafiyar Kano zuwa Legas kusan sau biyar bai tsaya ba sai don shan mai, canjin taya da sauya direba. Motoci 55 ne suka tashi a wannan shekarar, 15 kacal suka kai ƙarshe. Sauran arba'in ɗin, waɗansu hatsari ya fitar da su, amma da yawa inji ne ya ƙone, ko giyabos ya watse, ko lagireto ya zubar da ruwa, kuma wannan aikinmu ne, ba aikin direba ba.

Ka duba tarihin motar Ford ɗin kanta, wato GT40. A 1964 da 1965 an kai ta Le Mans tana da gudu ƙwarai, amma babu ko ɗaya da ta gama tseren, kuma giyabos na daga cikin manyan abubuwan da suka riƙa kashe su. Kuɗin Ford bai hana wannan kunyar ba. Sai da aka koma aka zauna ana gwaji, ana kwancewa, ana ɗaurawa, har aka samu inji mai lita 7 da giyar da za su iya jure wahalar yini da kwana. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma idan ɗalibanka suka fahimci wannan kaɗai, yininka bai tafi a banza ba.

Wurin da na fi so ka tsayar da fim ɗin ka yi musu bayani shi ne batun birki. A filin Le Mans akwai miƙaƙƙiyar hanya da ake kira Mulsanne, wadda a wancan zamani ta kai kimanin kilomita shida ba kwana, motocin suna wuce kilomita 300 a awa ɗaya, sannan a ƙarshenta akwai kwana mai tsanani da dole a rage gudu sosai. Mota mai nauyi irin ta Ford, idan ana yi mata haka a kowane zagaye, faifan birkinta yakan yi ja kamar garwashi, ya daina kamawa. Phil Remington, injiniyan da ke aiki da Shelby, shi ne ya tsara yadda za a cire kayan birkin a sa sababbi cikin ɗan lokaci a tsakiyar tsere. Yaron da ya ga birki yana mutuwa saboda zafi a hannun ƙwararren direba, zai fi gane dalilin da ya sa muke hana shi sauko da mota daga gangara ƙafarsa na kan birki. Akwai kuma inda suka manna guntayen zare a jikin motar don su ga yadda iska ke bi ta kanta, dabara ce da ba ta buƙatar kwamfuta, kuma yara za su iya gwada irinta.

Amsar wani mai bibiyar tarihin tseren motoci:

Malam, ginshiƙin labarin gaskiya ne. Ferrari ta ci Le Mans shekara shida a jere daga 1960 zuwa 1965, Ford ta karɓe a 1966 ta riƙe har 1969. Cinikin 1963 ya watse ne saboda Enzo Ferrari, mai kamfanin, ya ƙi yarda ikon sashen tserensa ya koma hannun Ford. Shelby da kansa ya ci Le Mans a 1959 da motar Aston Martin kafin ciwon zuciya ya raba shi da tuƙin tsere. Sai dai masu fim sun yi gyare-gyare da ya kamata ka gaya wa ɗalibanka. An nuna kamar Fiat ta shigo ta sayi Ferrari a daidai lokacin da ake ciniki da Ford, alhali sai a 1969 Fiat ta sayi rabin kamfanin. An nuna an bar Ken Miles a gida yana sauraren tseren a rediyo, alhali a 1965 ya tuƙa mota a Le Mans tare da Bruce McLaren, giyabos ne ya fitar da su. An kuma nuna Enzo Ferrari a filin tseren 1966, alhali bai halarta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka mai da Leo Beebe, babban jami'in Ford, mugu a cikin labarin, aka kuma taƙaita aikin ɗaruruwan mutane ya zama kamar na abokai biyu. Asalin GT40 a Ingila aka fara ta, an kuma ɗora ta ne a kan aikin Lola, wani kamfanin ƙera motocin tsere na can. Ga malamin sana'a wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yaro zai iya fitowa da tunanin cewa gwani ɗaya mai zafin kai ya isa komai.

Amsar wata uwa:

Malam, ka yi haƙuri, ni ban goyi baya ba, kuma zan faɗi dalilina. Bayanin da Baba makaniki ya yi mai kyau ne, amma shi ya kalli fim ɗin da idon mai shekara hamsin ko sittin. Yaro ɗan shekara 17 ba faifan birki zai gani ba. Fim ɗin ya ci lambar Oscar biyu, ɗaya ta tace hoto, ɗaya ta tace sauti, ma'ana waɗanda suka yi shi sun ƙware wajen sa mai kallo ya ji daɗin gudu a jikinsa. A unguwarmu mun yi jana'izar yaron da wasan mota ya kashe, kuma ba shi ke tuƙin ba, kallo ya je. Akwai kuma wurin da aka nuna Shelby yana ɗauke agogon auna lokaci na ma'aikatan Ferrari, aka mai da abin na dariya. Kai da kake tarbiyyar yaran da mutane za su ba amanar motocinsu, yaya za ka yi da wannan wurin?

Martanin tsohon makanikin:

Hajiya, Allah ya jiƙan yaron, kuma maganarki a kan hanya take. Amma yaran nan suna ganin abin da ya fi wannan muni a wayoyinsu, ba tare da babba a kusa ba. Fim ɗin bai ɓoye ƙarshen Ken Miles ba: wata biyu bayan tseren Le Mans, ranar 17 ga Agusta 1966, ya mutu a filin Riverside na Kalifoniya yana gwada sabuwar motar Ford, yana da shekara 47. Mutumin da ya san mota ciki da waje, sanye da hular kwano, a filin da babu mai tsallaka titi, bai tsira ba. Malam ya ƙara musu da abin da ya faru a Le Mans a 1955, lokacin da motar Mercedes ta tashi ta faɗa cikin 'yan kallo ta kashe mutum sama da 80. Batun agogon kuwa, ina tare da ke, a tsayar da fim a ce musu wannan sata ce.

Amsar wani tsohon ɗalibin makarantar sana'a:

Malam, ka shirya wa tambayar da za su yi maka a kan ƙarshen tseren, domin ita ce za ta fi cin ransu. Miles ya riga ya ci tseren Daytona da na Sebring a Amurka a farkon 1966, kuma yana kan gaba a Le Mans sai shugabannin Ford suka ce ya rage gudu don motocinsu uku su iso tare a ɗauki hoto. Ya bi umarni. Masu shirya tseren suka lissafa cewa motar McLaren da Chris Amon, wadda ita ma ta Ford ce, ta tashi ne daga bayan tasa a farkon tseren, saboda haka da suka iso tare ta fi cin nisa, aka ba su nasara, Miles da abokin tuƙinsa Denny Hulme suka zo na biyu. Za su tambaye ka ko daidai ne yaro ya bi maganar maigida idan hakan zai raba shi da haƙƙinsa. Lokacin da nake koyon aiki na sha yin gyara maigidana ya karɓi yabon, saboda haka na san tambayar ba ta fim ba ce a wurinsu.

Martanin mai neman shawarar:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanke cewa zan nuna, amma ba a zama ɗaya ba, tunda fim ɗin ya kai awa biyu da rabi. Zan raba shi gida biyu, in sa darasin birki da giyabos a tsakiya, mu kwance faifan birkin wata tsohuwar mota da ke garejin makaranta su ga yadda zafi ke cinye shi. Gyare-gyaren tarihin da ɗan uwa ya kawo zan rubuta su a allo kafin a fara. Hajiya, maganarki ce ta fi tsaya mini a rai, don haka zan fara da labarin 1955 da mutuwar Miles tun kafin su ji ƙarar injin farko, kuma yaron da na ce na kama zan zaunar da shi kusa da ni. Tambayar biyayya ga maigida kuwa har yanzu ina juya ta, domin ni ma maigidansu ne, kuma idan akwai wanda ya taɓa riƙe yaran gareji a cikinku, ina son jin yadda zai amsa ta kafin ranar Alhamis.